Adawiyya da Tambaya ta Bakwai

A unguwar Limawa, cikin garin Dutse, in ka tambayi gidan Malam Idirisu direba sai an tsaya tunani, domin Idirisu ba ɗaya ba ne, direbobi kuma suna da yawa. Amma in ka ce gidan Adawiyya mai biro, duk matar da ka tarar a bakin famfo za ta nuna maka: ƙofa ce mai shuɗin fenti, da bishiyar dabino guda da ta leƙo ta saman katanga.

Biron a ɗaurin ɗankwalinta yake zama, ta gefen kunnen dama. Da shi take zuwa suna, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa. Shekarunta hamsin da 'yan kai, ba ta da tsawo, ba ta da yawan magana, kuma in tana tafiya ba za ka ce sauri take yi ba sai ka yi ƙoƙarin jerawa da ita.

A wani ƙauye ne aka haife ta, Tsamiyar Goje, can bayan Jahun, gidan manoman gero da gyaɗa. Tana da shekara bakwai mahaifiyarsu ta rasu, riƙonta ya koma hannun yayarta Zinariya, wadda ta girme ta da shekara goma sha ɗaya. Zinariya ba ta taɓa shiga aji ba. Amma ita ce take tashin ƙanwar da sassafe, ta wanke mata ƙafa, ta ƙulle mata ƙuli-ƙuli a bakin zane, ta raka ta har inda ake hango rufin firamare. Karatun ya tsaya a aji shida. Aure ya kawo Adawiyya Dutse, ta haifi 'ya'ya huɗu, ta yi ɗinkin hula, ta yi awara. Sai da ta kai shekara talatin da biyar ta koma makarantar matan aure, ta zauna jarrabawar gama sakandare shekara ɗaya da babbar 'yarta Zulfa. Da sakamako ya fito, ba a cika tayar da zancen wanda ya fi wani ba a gidan.

Daga nan aka fara kiranta aikin shiga gidaje. In za a ƙidaya yaran da aka yi wa rigakafi, ko za a tambayi mata inda suke ɗebo ruwa, ana buƙatar macen da za ta wuce zaure da takarda a hannu, tunda namiji iyakarsa ƙofar gida. Masu irin wannan aiki suna da yawa, kuma an san wasu da samun inuwar maina su cike takardun gida ashirin ba tare da sun yi sallama ko ɗaya ba. Adawiyya ba ta taɓa yi ba. Abin da aka faɗa mata take rubutawa, yadda aka faɗa. Da wannan aka san ta, da shi kuma take ji da kanta, ko da yake ba ta taɓa furtawa ba.

A bazarar da ake magana a kai, wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta haɗa masana daga fannoni daban-daban don su yi nazarin yadda mutanen yankin suke aiki da irin ciwon da aikin yake bar musu. Shugaban tawagar shi ne Dakta Zuhair, masanin zamantakewa, matashi mai ladabi da farin gilashi. Akwai Dakta Mashkura, likitar lafiyar al'umma, akwai kuma masu lissafi da masu nazarin ƙungiyoyin sana'a. Ba don a ajiye a kabad ake binciken ba. Wata ƙungiyar taimako ta yi alkawarin mota da likitoci da za su riƙa zagayawa suna duba idanu da ƙirjin ma'aikata, kuma rahoton ne zai nuna inda motar za ta riƙa tsayawa.

Aka tara mata goma sha biyu aka koya musu takardar. Tambayoyi arba'in ne. Dakta Zuhair ya maimaita musu sau uku: a karanta kowace tambaya yadda take a rubuce, ba ƙari, ba ragi, ba bayani. Tambaya ta bakwai gajera ce: "Kina aiki?" In mace ta ce e, sai a bi ta da tambayoyin hayaƙi da ƙura da ɗaukar kaya da ciwon baya. In ta ce a'a, sai a tsallake zuwa ta talatin.

Gida arba'in da shida aka ba Adawiyya a ƙauyukan Jahun. Na'ura ce ta zaɓo gidajen, kuma a cikin zaɓinta har da gidan Malam Nata'ala na Tsamiyar Goje, mijin Yaya Zinariya.

Ta tarar da yayar a inda take tarar da ita kullum, a madafa, tsakanin murhu biyu. A kan ɗaya ana suyar gyaɗa, a kan ɗaya ƙuli-ƙuli yana cikin mai. Shekara talatin da wani abu ke nan tana fitar da man gyaɗa, kuma bangon madafar ya yi baƙi har yana ƙyalli.

"'Yar boko, yau kuma me gwamnati take son sani?" in ji Zinariya bayan sun gaisa.

"Ba gwamnati ba ce, Yaya. Masu bincike ne."

"Duk ɗaya. Yi ta tambaya, hannuna ba zai tsaya ba."

Suka wuce suna da shekaru da yawan 'ya'ya. Adawiyya ta karanta ta bakwai.

Zinariya ta ɗago da matsami a hannu. "Aiki? Kin gan ni da jaka da takalmi mai tsini? Ko 'yar aikin gidan wa kika ji an ce na zama? Malam bai gaza ba. Rubuta zaman gida nake."

Adawiyya ta sa alama a kan a'a, ta juya shafi biyu, ta ci gaba daga ta talatin. Tana cikin karantawa ta ga yayar ta jawo kwalba za ta zuba mai. Ba ta kalli kwalbar ba. Yatsa ta sa a bakin kwalbar, ta karkata kai tana sauraro, sai da man ya taɓa yatsan ta tsaya.

"Yaya, idon ne?"

"Hayaƙi ne kawai. Da na wanke fuska shi ke nan."

A motar komawa Dutse abin ya yi ta yi mata kai-kawo a rai. Amma takarda ta cika daidai, an karanta yadda aka rubuta, an rubuta yadda aka faɗa. Ta miƙa ta tare da sauran.

Bayan sati huɗu aka kira su taro a cibiyar don a gode musu. Aka haska sakamako a jikin bango. A cikin kowace mace ɗari da aka tambaya, casa'in da ɗaya ba sa aiki. Saboda haka, in ji mai bayanin, motar likitoci za ta fi amfani a garejin makanikai, da wurin masu walda, da gidajen bulo, da tashoshin mota. Aka tafa. Aka raba lemo.

Adawiyya ba ta sha nata ba. Ta jira har ɗakin ya ragu, sannan ta matsa kusa da Dakta Zuhair ta rage tsawo.

"Ranka ya daɗe, ina da magana a kan ta bakwai."

"Bismillah, Malama Adawiyya. Takardunki ai su suka fi na kowa tsabta."

"Su ne suka fi damuna. Mace a wajenmu in ka ce mata tana aiki, abu biyu take ji. Ko dai ma'aikaciyar gwamnati, ko mai wanke-wanke a gidan wasu. Na farko ba ita ba ce, na biyu kuma zagin mijinta ne."

Ya gyara gilashi. Ya ce ya fahimta, amma ƙwararru ne suka fassara takardar, kuma sai da aka gwada ta kafin a fita da ita.

"A kan wa aka gwada, ranka ya daɗe?"

"A kan matan da ke nan ofis." Sannan ya ce kwana goma sha biyu suka rage a miƙa rahoto, masu motar kuma ba za su jira ba. In Allah ya kai mu bincike na gaba, za a duba.

Ta yi godiya ta fito. Zinariya tana da shekara sittin da biyar, kuma bincike na gaba ba shi da rana.

Da la'asar Malam Idirisu yana kan tabarma yana gyaran rediyonsa. Shekara uku ke nan da ya ajiye tuƙin motar ma'aikata, tun daga lokacin kuma rediyon bai huta ba.

"Malam, ina aiki?"

"Ke? Ga katin shaidar aikinki na wuya can rataye a ƙusa."

"Lokacin da nake awara fa?"

"Wannan ai sana'a ce."

"Sana'a ba aiki ba ce?"

Ya ajiye sukuddireba ya yi tunani da gaske. "Aiki shi ne wanda in ka makara wani zai ɓata maka rai."

"To ni da hannuna na rubuta Yaya ba ta yin komai."

"Ita ta faɗa miki."

"Ita ta faɗa. Ni kuma ina kallonta."

Malam Idirisu ya dube ta, ya dubi biron da ta zare daga ɗankwali tana juyawa. Ya san wannan juyawar tun shekarar jarrabawa. Ya ce, "In za ki fita da wuri, ki bar min kunun a fulas."

Washegari ta sayi littafin rubutu mai shafi tamanin. A shafin farko ta jera gidaje arba'in da shida, daga ƙwaƙwalwarta, ƙauye bayan ƙauye. Ba wanda ya aike ta, saboda haka ta bar katin wuyan a ƙusa. Adaidaita sahu zuwa tasha, motar haya zuwa Jahun, daga nan kuma abin da ya samu, in ba a samu ba ƙafa. Rana a lokacin tun hantsi take fara dukan mutum.

Kwana biyu ta yi tana neman bakin tambayar. Ta gwada "Kina sana'a?" sai wasu suka ce a'a, 'yan dabaru ne dai. Ta gwada "Me kike taɓawa?" sai aka yi mata dariya. A rana ta uku, a wani gida da ta tarar da mace tana tankaɗe, gajiya ta sa ta ce kawai, "Jiya da me kika yini?" Matar ta fara daga asuba. Kafin ta kai azahar shafi ya cika.

Da wannan ta bi sauran. Mai daddawa ta ba ta labarin kalwar da ke kwana a wuta. Mai turara shinkafa ta nuna mata tabon tururi a damtse. A wata ruga, wata dattijuwa ta ce aiki ai na maza ne, su ke bin shanu. Ita dai ta tatsa, ta kaɗa, ta ɗora ƙwarya zuwa kasuwar Jahun ta dawo, shi ke nan. Adawiyya ta tambaye ta nisan Jahun. Ta ce ba nisa, in ka fita bayan asuba kana isa kafin rana ta yi zafi. Ba ko'ina aka karɓe ta ba. Wani maigida ya tare ta a zaure ya ce an riga an tambayi iyalinsa sau ɗaya, gidansa ba kasuwa ba ne. Ta ba shi haƙuri, ta rubuta a gaban sunan gidan: ba a shiga ba. Gida uku ta tarar matan sun tafi biki. Ta rubuta haka.

Kwana tara ta ɗauka. Ƙafarta ta dama ta kumbura har takalmi ya daina shiga, ta koma silifas ɗin Malam Idirisu. Gida arba'in da biyu ta samu shiga. A cikinsu, mata huɗu ne kawai za a iya cewa sun yini a zaune, biyu kuma daga ciki jego suke.

Dakta Zuhair ya karɓi littafin da hannu biyu, ya buɗe, ya karanta shafi uku. Ya ce aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ba da tsarin da aka amince da shi aka yi ba, mutum ɗaya ce ta yi, kuma ɗaya daga cikin matan 'yar'uwarta ce. Ba zai iya haɗa shi da alƙaluman ba. Ba ƙarya ya faɗa ba, Adawiyya ma ta san haka.

Dakta Mashkura tana gefe. Ta miƙa hannu ta ɗauki littafin, ba ta kuma ajiye ba.

"Ban zo don a sa littafina a rahoto ba," in ji Adawiyya. "Gayyata na kawo. Yayata ta ce zaman gida take. Ku zo gobe ku taya ta zama, yini ɗaya."

Dakta Zuhair ya fara maganar kwana uku da suka rage. Dakta Mashkura ta ce, ba tare da ta ɗago daga littafin ba, "Ni zan je. In kana so ka tuƙa mu."

Sun isa Tsamiyar Goje da hantsi. Malam Nata'ala ya shimfiɗa wa Dakta Zuhair tabarma a zaure, matan suka wuce ciki. Zinariya ta yi murna da baƙuwa, ta jawo mata kujera 'yar tsugunno, ta ce ta yi haƙuri da gidan ƙauye. Dakta Mashkura ta zauna. Zinariya ta kwashe gyaɗa daga wuta, ta murje, ta fece ɓawon a faifai. Ta juye wadda aka niƙo jiya a turmi, ta riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya har mai ya fara tasowa. Ta matse tunkuza, ta mulmula, ta jefa a kasko. Ta ƙara itace, ta sunkuya ta hura. Duk tana hira, tana tsokanar ƙanwarta da cewa boko ya hana ta ƙiba.

"Inna, kina aiki?" in ji Dakta Mashkura, da murya irin ta karanta takarda.

"A'a, 'yar nan. Zaman gida nake."

"Yaushe rabonki da zama yau?"

Zinariya ta yi dariya. "Na zauna mana. Da na yi tahiya."

A zaure kuwa, iska ta juyo, hayaƙin madafa ya riƙa biyowa ta ƙofar ciki yana neman hanyar fita. Dakta Zuhair ya cire gilashi ya goge ido, ya mayar, ya sake cirewa. Don ya cika shirun sai ya tambayi mai gidan ko iyalinsa tana aiki.

"Subhanallahi," in ji Malam Nata'ala. "Ina raye? Gero na nan a rumbu." Ya ga baƙon yana ta hawaye, ya ce, "Matso ta bakin ƙofa, Dakta. Wannan ai saura ne yake isowa nan."

Dakta Zuhair bai matsa ba. A wurin ya zauna har azahar.

Kafin su tafi Dakta Mashkura ta fito da 'yar fitila ta haska idanun Zinariya, ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a na hagu. Suka kama hanya a mota har suka wuce Jahun. Sai can Dakta Zuhair ya ce, idonsa a kan titi, "Malama Adawiyya, yaya kika ce kina tambayarsu?"

"Jiya da me kika yini."

"Gida ɗari biyar da hamsin ne gaba ɗaya. Duk sai an koma."

"Kumburin ƙafata ya saɓe, ranka ya daɗe."

Abin bai zo da sauƙi ba. Masu motar sun yi fushi da jinkirin, masu lissafi sun ce amsa mai tsawo wahalar ƙirgawa gare ta, aka yi sati ana jayayya kan yadda za a karkasa yinin mace kashi-kashi. Biyu daga cikin mata goma sha biyun suka ce ba za su sake zagayen ba, Adawiyya ta karɓi gidajensu a kan nata. Ruwan farko ya sauka tana hanya. Da rahoton ya fito, sunanta yana shafin godiya, layi na huɗu, an rubuta shi da harafi ɗaya a karkace. Zulfa ce ta lura. Ita Adawiyya abin da ta nema a ciki shi ne jerin wuraren da mota za ta tsaya, ta bi da yatsa har ta kai Tsamiyar Goje.

Ranar da motar ta zo, bayan girbin gero, Adawiyya ta riga ta isa. An kafa rumfa a filin firamare, an jera bencina. Ta shiga gida ta tarar da murhu biyu suna ci.

"Yaya, tashi. Sun zo."

"An ce motar ma'aikata ce."

"Ta masu yini a hayaƙi ce."

"To wa zai tsaya a kan kaskon? Ƙuli ba ya jiran likita."

Adawiyya ta cire mayafi ta rataye, ta gyara zaman biron, ta karɓi matsamin daga hannunta. "Ke kika koya min kafin ki kai ni makaranta."

"Shi ya sa nake tsoro," in ji Zinariya. Amma ta wanke fuska, ta sake zane, ta fita tana dafa bango.

Ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Adawiyya ta ƙona kasko ɗaya, idanunta sun yi ja. Yayar ta shigo da 'yar kwalbar magani da takarda a ninke, ta tsaya ta shinshina ƙaurin.

"Wannan zama da gajiya yake. Bayana kamar an dake ni." Ta miƙa takardar. "Karanta, 'yar boko. Sun yi ta bayani, rabi na ji."

Adawiyya ta goge hannu ta karanta a hankali. Na dama magani zai riƙe shi, in an rage hayaƙi. Na hagu kuma yanar ido ce ta rufe shi, an ba ta ranar Talata ta sama ta je asibiti.

"Me za su yi min a can?"

"Aiki za a yi miki, Yaya. A idon."

Zinariya ta ajiye kwalbar maganin. Sannan ta karɓe matsaminta, ta ture ƙanwar gefe da kafaɗa.

"Tun bazara kike bi na da kalmar nan," ta ce. "Sai ki zo ranar Litinin ki kwana, ki raka ni. Ki taho da man da za ki biya ni wanda kika ƙona."

Adawiyya ta zare biron ta rubuta ranar a bayan hannunta.